Wanda Ya Ƙi Sake Zagayowa

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum da ya shiga makarantar koyon tuƙin jirgin sama tare da ƙanensa, uwa ɗaya uba ɗaya. Ƙananan jiragen nan masu kujera biyu suke koyo da su. Shi ya koya wa ƙanen keke, shi ya koya masa mota.

To, a wannan sana'a tashi ba wuya, sauka ce aiki. Ƙanen sai Allah ya ba shi hannu, yakan ajiye jirgi a titi kamar mai ajiye tiren ƙwai. Wan kuwa in ya sauka, sai malaminsu ya dafe ƙugu ya ce, "Jirgi ka sauke ko buhun siminti?" A yi dariya, shi ma ya yi yaƙe, zuciyarsa na tafasa.

Aka riga barin ƙanen ya tashi shi kaɗai. Mahaifiyarsu ta rataye hotonsa a falo. Daga ranar wan ya daina zama a falon. Me yaron ya yi masa? Ba komai, iyawa kawai ya yi.

Kullum malamin yana ja musu kunne: in saukar ba ta daidaita ba, kada ka dage. Ƙara wuta, ka tashi, ka sake zagayowa.

Ranar da aka bar wan shi kaɗai, ya taho sauka da gudun da ya wuce kima. Malamin ya ɗaga murya ta rediyo, "Gudunka ya yi yawa, tashi ka zagayo!" Ya ji sarai. Amma ya hango ƙanensa tsaye a bakin shinge, sai zuciya ta ce masa: a gaban yaron nan?

Ya danna hancin jirgin ƙasa da ƙarfin tsiya. Tayar gaba ta daki kwalta, jirgin ya yi tsalle, ya sake dukan kwalta, tayar ta karye. Farfela ta tona ƙasa, jirgin ya kife. An ciro shi da rai, amma likita ya ce lakar bayansa ta taɓu, shi da tafiya har abada.

A asibiti ƙanen yana goge masa fuska, ya ce, "Yaya, me ya hana ka zagayowa?"

Ya juya fuska bango. "Kai ka zagayo ne a taka ranar?"

"Sau uku, Yaya. Ai ba ka zo ba ne."

Kun ji, jama'a. Hassada ta hana shi zuwa ya gani, ta hana shi tambaya, ya ba da ƙafafunsa yana gasa da abin da bai taɓa faruwa ba. Kai da kake ƙyashin ɗan uwanka, ka san sau nawa ya zagayo kafin ya sauka?

Allah ya wanke zukatanmu daga ƙyashin na kusa da mu, ya kiyaye mu. Amin.