Man da Wuta Ba Ta Ci

An ce wai a wani gari an yi wata dattijuwa, Hajiya Tasalla, wadda mijinta ya rasu ya bar injin ɗura iskar numfashi da ake kai wa asibitoci. Injin nan ba a zuba masa baƙin mai, don in iskar ta gamu da shi, gobara ce nan take. Nasa man fari ne kamar ruwa, wuta ba ta cin sa, kuma ba ya lalacewa komai daɗewa.

Ɗanta tilo, Sallau, a gindin injin nan ya tashi. Ya tafi ci-rani, shiru kamar an aiki bawa garinsu. Shekaru suka tura, ita kuwa kullum sai ta zuba masa tuwo a kwano, in ya kwana ta bayar sadaka.

Rannan sai ga wani mutum har da furfura, ya ce shi ne Sallau. Tasalla ta rungume shi tana kuka. Ƙanin mijinta, Malam Barau, ya ce atafau gado baƙon ya zo ci. Magana ta kai gaban Alƙali Mamuda.

Alƙali ya ga yadda tsohuwar ta ƙanƙame hannun baƙon, tausayi ya kama shi, amma ba a raba gado da tausayi. Bai tambayi sunan kaka ko tabon goshi ba, don waɗannan ana tsintar su a bakin kasuwa. Ya kwashi kowa zuwa wurin injin, ya sa aka ajiye galan biyu, ɗaya na baƙin mai, ɗaya na fari, ya ce wa baƙon, "Injin mahaifinka ya daɗe a tsaye. Zuba masa mai."

Gogan naka, da yake ya taɓa zaman gareji, ya shinshina farin ya ture wai ruwa ne, ya sunkuci baƙin. Kafin alƙali ya buɗe baki, Tasalla ta riƙe wa baƙon hannu.

"Ajiye, ɗan nan, kada ka ƙone," in ji ta. Ta juya ga alƙali. "Allah ya gafarta malam, tun ranar da ya zo na san ba ɗana ba ne. Sallau ko maiƙon tuwo ne a hannunsa ba ya taɓa injin nan. Na daɗe ne ban ji an ce mini Inna ba."

Alƙali ya sunkuyar da kai. Ya hukunta a rufe injin da mansa a jira mai shi, baƙo kuma ya kama gabansa. Da magariba Tasalla ta sake zuba tuwo a kwano.

Shi ya sa masu hankali ke cewa, an samu man da wuta ba ta ci, amma ba a samu zuciyar uwa da kewa ba ta ci ba.