Wuri Na Bakwai Da Ya Manta

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum a nan Hausari, wajen shekarar 1997. Ba zan faɗi sunansa ba, don ina ƙaunarsa, kuma yana raye. Mai fara'a ne, mai zumunci. Ya koyo kwamfuta a Maiduguri lokacin da yawancinmu ba mu taɓa ganinta ba. Wata makaranta ta ɗauke shi, ya rubuta mata manhajar da ke haɗa makin ɗalibai ta fitar da sakamako.

Aibinsa ɗaya: ba ya son a gyara masa.

Duk ajin da aka ƙara, sai ya kwafi umarnin haɗa maki ya liƙa a wani wuri cikin manhajar, har abu ɗaya ya zauna a wuri bakwai. Sunayen da yake ba abubuwan da ke cikinta kuwa, shi kaɗai ya san ma'anarsu, kuma hakan daɗi yake masa, don kada a iya yi ba shi.

Abokinsa Oche, ma'aikacin gwamnati da ya san aikin, ya duba ya ba shi shawara cikin taushi: ya tattara bakwai ɗin su zama ɗaya, ya ba kowane abu suna bayyananne, yana gyarawa kaɗan-kaɗan yana gwadawa. Sai mutumin ya yi dariya ya ce, "Tana aiki, Oche. Me zan taɓa?"

Tana aiki, gaskiya ne. Amma har yaushe?

Shekara ta zagayo, makaranta ta ce a riƙa haɗa makin gwajin aji da na jarrabawa. Ya gyara wuri shida, ya manta na bakwai, na aji uku. Takardu suka fito sun kayar da yara goma sha ɗaya da suka ci. Cikinsu akwai Nuriyya, wadda ta fi kowa ƙoƙari, har tana jiran a tura sunanta makarantar kimiyya. Malama Hadijatu, malamar ajinsu, ba ta yarda ba; ta zauna da biro ta sake haɗawa. Kafin gaskiya ta fito, an rufe karɓar sunaye.

Aka sallami mai manhajar daga aiki. Mutumin da ake tsayarwa a hanya don gaisuwa ya koma bin lungu.

Ya tafi gidansu Nuriyya, ya durƙusa gaban mahaifinta yana kuka. Yarinyar ta ce daga bakin ƙofa, "Na yafe, Malam. Amma shekarar ta tafi."

Ya 'yan uwa, mutumin nan bai yi sata ba, bai yi ƙarya ba. Girman kai ne ya hana shi komawa kan aikinsa ya tsabtace shi tun yana da sauƙi. Wane ne cikinmu da ba shi da irin wannan wurin, a sana'arsa ko a zuciyarsa, da ya san a karkace yake amma ya ce ai ana tafiya? Wani ne zai ɗauki nauyin, sau da yawa wanda bai ji ba bai gani ba.

Allah ya ba mu kunnen jin gyara, ya rufa wa ɗan'uwanmu asiri, ya kiyaye mu da cutar da bayinsa. Amin.