Sarautar da Ta Rufe wa Ambrose Ƙofa

Ambrose Thwaite wakilin garin Bramcliffe ne a Majalisar Wakilai ta Landan. Mutumin kirki ne, sai dai yana da ciwo guda, son girma. Mahaifinsa Enoch da takalmin katako ya fara aiki a masaƙa, har ya mallaki masaƙu uku. Shi ya sa 'ya'yan masu sarauta ke kiran Ambrose "ɗan masaƙa" in an zauna shan shayi, shi kuwa abin na ci masa rai ba kaɗan ba.

Shekara bakwai yana fafutukar wata doka da za ta tilasta wa masu masaƙu sanya injin zuƙe ƙurar auduga, domin ƙurar ce ke cinye huhun mutanen garinsu.

Ran nan takarda ta zo daga Firayim Minista, za a ba Enoch sarautar Lod, irin wadda ɗa ke gada. Tsoho ya karanta, ya ɗora butar shayi a kanta.

"Baba, me ke nan?" in ji Ambrose.

"Ba na so. Ni da gidan sarauta, ina muka haɗu?"

"Haba Baba! Ka san abin da nake sha a Landan kuwa?"

"Sha ka haɗiye, bai kashe kowa ba. Kai ne ɗan majalisa, ka fi ni sani. Ranar da na mutu kai ne Lod, kuma Lod ba ya zama a Majalisar Wakilai."

Ambrose ya yi dariya. "Kai da kake cinye ƙwai huɗu da safe? Sai ka binne mu duka."

Ya yi ta naci, yau roƙo gobe fushi, har tsoho ya gaji ya sa hannu. Wata goma sha huɗu aka yi. Wata Lahadi Enoch ya dawo daga coci, ya zauna cire takalmi, bai sake tashi ba. Saura kwana tara a yi wa dokar ƙura karatun ƙarshe a majalisa.

Bayan jana'iza Ambrose ya garzaya Landan. A bakin zauren majalisa, Pocock, tsohon mai gadin da kullum suke barkwanci, ya tsaya a gabansa ya rusuna.

"Ranka ya daɗe, Lod Thwaite, ba ni da ikon barinka ka shiga."

"Pocock, ni ne fa!"

"Na sani, ranka ya daɗe. Shi ya sa."

Ya ruga wurin lauyansa ya ce a mayar musu da sarautarsu, ba ya so. Lauya ya girgiza kai ya ce, "Ai ba riga ba ce da za ka tuɓe. A jininka take. Babu dokar da ta yarda ka ajiye."

Ranar karatu yana zaune a benen 'yan kallo. Aka kira dokarsa, ba wanda ya miƙe ya tsaya mata, aka wuce zuwa batun kifi. Ya ji kamar ya yi ihu, amma a benen nan ko tari ba a so.

Da ya koma Bramcliffe, Hetty Clegg, wata masaƙiya, ta tare shi a tashar jirgi. Mijinta wata biyu ke nan yana kwance da tari.

"Sannu da zuwa, Mista Thwaite. Au, Lod za a ce ko? Maigidana ya ce in tambaye ka, yaushe za a kawo injin?"

Ambrose ya kawar da kai. Hetty ta dube shi, ta gane. Ta gyara mayafinta, ta rusuna masa kamar yadda ake yi wa Lod, ta tafi. Wannan rusunawar ta fi masa zagin duniya ciwo.

Darasin a nan shi ne, duk wanda ya raina abin da ke hannunsa don kwaɗayin suna, garin neman gira zai rasa ido. Kuma ba shi kaɗai zai makance ba, har da waɗanda suka dogara da shi ya ja musu gora. In babba ya ce maka bari, tsaya ka ji dalilinsa kafin ka yi dariya.