Layin da Sjoerd Ya Yanke

Akwai wani mai zanen gine-gine a garin Delft ana ce masa Sjoerd Veldkamp. Ya iya zane, amma irin mutanen nan ne da ke tunanin hoton ginin a mujalla tun ba a haƙa tushe ba.

Ofishinsu ya samu aikin ɗakin karatu na wata ƙaramar hukuma. Abokiyar aikinsa Marit Hoekstra ce ta tsara zanen a manhaja. A manhajar akwai ɗan maɓalli da ake ja hagu ko dama, ginin da ke kan allo yana sauya siffa. Marit ta haɗa maɓallin gangarar keken guragu da tsayin dokin ƙofa daga ƙasa. In aka ɗaga ƙofar, iyakar maɓallin ma sai ta matsa, ba zai bari a gajarta gangarar har ta gagari mai keke ba.

Sjoerd ya ɗaga ƙofar don wani lanƙwasasshen bango da yake ji da shi ya fito sosai. Ya ja maɓallin don ya gajarta gangarar, maɓallin ya cije.

"Marit, abin nan naki ya ƙi motsi."

"Ka ɗaga ƙofa ai. Dole gangara ta ƙara tsawo."

"Ta cinye mini bango?"

"Ba bangon naka keke zai hau ba," ta ce, ta ci gaba da cin burodinta da cuku.

Tana fita ɗauko kofi, ya yanke layin da ya haɗa maɓallin da ƙofar a manhajar, ya rubuta nasa lambobin, ya gajarta gangarar, ya tura wa kafintoci. Bai faɗa wa kowa ba.

Hukumar ta ce a fara yin gangarar da katako a gwada. Ranar gwajin sai ga Madam Terpstra, dattijuwa daga kwamitin masu larura, ta yi shekara ashirin a kan keken guragu. Ta dubi katakon daga ƙasa zuwa sama.

"Ɗan samari, ga keken da muke ajiye wa baƙi. Hau mu gani."

Ya hau yana murmushi. A tsakiya gangarar ta gagare shi, keken ya dawo da baya, wani kafinta ya tare shi.

Ya miƙe, ya kakkaɓe riga, ya ce, "Marit ce ta tsara manhajar."

Kafintan ya saki keken kamar ya taɓa ƙazanta.

Marit ta buɗe kwamfutarta, ta mayar da layin. Gangarar ta miƙe a allo har ta ratsa bangon.

"Haka na bar shi ranar Talata," ta ce.

Madam Terpstra ta ce wa Sjoerd, "Faɗuwar ba komai, na sha faɗuwa. Amma kai da ƙafafunka ka miƙe, ka ɗora wa wata laifin."

Aka cire bangon daga zanen, aka cire Sjoerd daga aikin. Ranar buɗe ɗakin karatun, dattijuwar ta hau gangarar Marit ba tare da an tura ta ba.

Darasi: In ka tarar da iyakar da wani ya sa, tambayi wa take karewa kafin ka cire ta. In kuma ka cire, ka ɗauki laifinka da kanka. Ku tura wa duk wanda aikinsa ke shafar wasu.