Iskar Ɗakin Auta

Ƙanena masani ne, wannan ba na musu. Shekara ashirin da biyu yana binciken abubuwan da ke yawo a iska suna sa mutane tari da atishawa: garin furen bishiyoyi, hayaƙi da fumfuna. Aibinsa ɗaya ne, in ya faɗi magana to ta zauna. A gida Na-Riga-Na-Auna muke ce masa, don amsarsa ke nan ga kowa.

Yana da na'urori a kan rufin gine-gine bakwai, har da na gidansa. Kowace tana zuƙo iska ta manna abin da ke cikinta a jikin wani siririn tef, shi kuma ya duba a madubin ƙara girma.

Sai autarsa mai shekara tara ta fara shaƙewa, ƙirjinta yana kuka kamar usur. Uwarta ta ce, "Baban Auta, ɗakin yarinyar nan warin danshi yake yi. Ka kwashe kwalayen nan naka mana."

Kwalayen kuwa takardun bincikensa ne tun na farko, ya jera su jikin bangon da ya raba ɗakin da banɗaki.

"Na riga na auna," in ji shi. "Furen bishiyar ƙofar gida ne. Na'urar rufi ba ta ƙarya."

Na ce, "Kai, yarinyar a kan rufi take kwana?"

"Yaya, ki bar wa masu ilimin abin."

Wallahi ji na yi kamar in make shi. Ya sa aka sare bishiyar da dattawan layin suke hutawa a inuwarta, tari bai tsaya ba. Ya ce to hayaƙin motoci ne, ya rufe tagogin ɗakin ya toshe kowace kafa da tsumma. Mun yi magana har bakinmu ya gaji.

Wata safiya Auta tana sa kayan makaranta ta zube, leɓɓanta sun yi duhu. Aka kwasa sai asibiti. Washegari ni da uwarta muka shiga ɗakin ba tare da neman izininsa ba, muka janye kwalayen. Bangon ya yi baƙi ƙirin da fumfuna. Ashe bututun ruwa ne ke yoyo a ciki, takardun duk sun ruɓe sun manne da juna.

Da ya zo ya gani, sai ya ɗauko kayan aikinsa. Ya manna tef a bangon, ya je ya duba a madubinsa. Irin fumfunar da ya yi digirinsa a kanta ce.

Kwana shida Auta ta yi a asibiti. Likita ya ce daga yanzu maganin shaƙa ba zai bar aljihunta ba. Ranar sallama uban ya ce mata an gyara ɗakin tsaf. Ta riƙe gefen zanina ta ce, "Gwaggo, ni gidanki zan je. In na sake shaƙewa, Baba zai ce ya riga ya auna."

Darasin a fili yake. Ilimi ba ya amfanar wanda ya toshe kunnensa. Komai zurfin saninka, ka saurari waɗanda ke zaune da abin, kuma kafin ka hau rufin mutane ka fara duba ɗakin da 'ya'yanka suke kwana.