Wanda Ya Fitar da Irin Gahawa

An yi wani sarki a wata ƙasa mai duwatsu can kudancin Yaman, ana ce da shi Haushabu ɗan Marwanu, wanda Allah ya ba ƙasarsa wani itace da babu irinsa ko'ina, wato itacen gahawa. 'Ya'yansa jajaye ne, idan aka soya ƙwayarsu aka daka aka dafa, sai ta kori gyangyaɗi daga idon mai karatu, ta sauke gajiya daga kafaɗar matafiyi. Fatake suka riƙa zuwa nemanta daga nesa, sarki kuwa, da yake mai abu ba ya son a raba shi da abinsa, ya kafa doka: duk ƙwayar da za ta fita ƙasar sai an tsoma ta a tafasasshen ruwa don kada ta tsira a wani wuri, wanda ya fitar da ɗanya kuwa hukuncinsa kisa ne.

Wata tsohuwa mai suna Rumaisa'u ita ke kula da tukwanen tafasawa, shekara talatin ba a taɓa jin kanta da kowa ba. Kwatsam sai labari ya zo cewa an ga gahawa ta tsira a ƙasar maƙwabta. Aka kama tsohuwa aka tsare. Sarki ya kira Alƙali Nu'umanu ya ce, "Na ba ka wata biyu. Ko dai ka kawo mini wanda ya fitar da irin, ko kuwa a zartar mata da doka."

Alƙali ya tafi wurinta zuciyarsa cike da tausayi, domin ya ga hannayenta duk tabon ƙuna. Ta ce, "Allah gafarta malam, ba mutuwar ke damuna ba, na riga na ci zamanina. Abin da ke cina shi ne a ce wa jikokina kakarsu ta ci amana."

Ya ce, "Iya, ki yi haƙuri. Zan je in gani da idona."

Ya hau alfadarinsa ya ƙetare iyaka, yana tsammanin zai tarar da gona mai kunya a jere. Sai aka nuna masa wani tsauni mai santsi wanda ko akuya ba ta isa ta hau ba. Can a tsakiyarsa wani ɓaure ya fito daga tsagar dutse, a ƙarƙashinsa ga gahawa ta yi fure fari fat, ƙamshinta yana saukowa har inda yake tsaye. Yana cikin kallo sai garken cilakowa ya taso daga wajen ƙasarsu ya sauka a kan ɓauren. Alƙali ya daɗe yana tasbihi. Sa'an nan ya durƙusa, duk da rawaninsa da girmansa, ya tsinci kashin tsuntsayen da ya zubo gindin dutsen ya ƙulle a gefen alkyabbarsa, mutanen wurin suna ganin malamin ya taɓu.

Ranar da wa'adi ya cika ya shiga fada da kasko biyu. Ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, a wannan na shuka ƙwayar da ta fito daga tukwanen Rumaisa'u, na yi ta ban ruwa, ga shi ƙasa ce kawai. Wannan kuwa abin da na tsinta ne a kashin cilakowa."

Sarki ya sauko daga karagarsa ya duba. Ga tsiro guda uku sun miƙe a kasko na biyu, kowanne ɗauke da ƙwayarsa a ka kamar mace ta ɗauko ƙwarya.

Alƙali ya ce, "Ɓarawon da ka ce in kawo, ga shi can kan katangar fadarka yana gyaran fiffike. Amma ina neman izini in yi tambaya ɗaya. Wa ya shuka itacen farko a ƙasar nan?"

Sarki ya ce, "An ce kakana tsintarsa ya yi a kan dutse, ba wanda ya shuka."

"A gindin wane itace, ranka ya daɗe?"

Tun sarki yana yaro ake kai shi wurin, ya kuwa san ɓaure ne. Sai ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Ashe wanda ya kawo mana shi ne ya kai musu. Ni kuwa na kusa kashe baiwar Allah a kan abin da aka ba mu kyauta."

Ya sa aka kwance Rumaisa'u, ya nemi gafararta a gaban jama'a, ya soke hukuncin kisa. Ya tuɓe alkyabbarsa ya yafa wa alƙali, ya ba shi gona. Da aka tambayi tsohuwa abin da take so, sai ta ce a kira jikokinta a maimaita maganar a kunnensu, kuma a ba ta kaskon nan mai tsiro, domin shekara talatin tana kashe irin, ba ta taɓa ganin yadda yake tashi ba.

Shi ya sa masu hikima suka ce, adalci ba ya samuwa daga kan karaga sai mai hukunci ya yarda ya durƙusa ya duba ƙasa.