Maɓallin da Kefas Ya Kashe

Akwai wani mutum mai kamfanin gyaran rijiyoyin burtsatse. Ƙauyuka da yawa sun dogara gare shi, gama in famfo ya lalace, ma'aikatansa ne suke zuwa su gyara. Sai ya raba aikin biyu. Ƙauyukan bakin titi ya danƙa su a hannun wata mata mai suna Briskila, ƙauyukan ƙetaren kogi kuwa ya ba wani dattijo mai suna Kefas, wanda ya daɗe yana yi masa hidima da aminci.

Kowannensu yana da manhajar tsara ayyuka a wayarsa, inda yake rubuta famfon da ya lalace, da wanda zai je gyara, da ƙarfen da ake bukata. Shi kuma maigida yana da rumbun bayanai a intanet, irin wanda ake ce yana cikin gajimare. A nan yake duba halin da kowane ƙauye yake ciki kafin ya sayi kaya. Amma babu hanya tsakanin manhajar da rumbun, sai wani ya kwashe daga nan ya zuba can da hannu. Wannan aikin Kefas ne. Kowace Jumma'a yakan tattara nasa da na Briskila, ya shiga ofishin maigida, a rufe ƙofa, a kawo musu shayi, yana bayani maigida yana gyaɗa kai. Gaskiya Kefas ya fi son wannan zaman da albashinsa.

Wata rana Briskila ta samo wata dabara. Ba ta rubuta ko layi ɗaya na yaren kwamfuta ba. Akwatuna ne kawai a fuskar kwamfuta, ta jawo wannan ta haɗa da wancan, ta umarce su cewa duk abin da aka rubuta a manhaja, a kai shi rumbu nan take. Ta yi wa kowane yanki maɓallinsa, ta kunna nata, ta kunna na Kefas. Tun daga ranar labarin kowane famfo yake gangarawa rumbu da kansa, kamar ruwa a bututu.

Da aka taru addu'ar safiyar Litinin, maigida ya tashe ta tsaye a gaban kowa, ya ce, “Madalla da ke, Briskila. Kin ba ni idanu a ko'ina. Kai kuma Kefas, ka huta da wahalar Jumma'a.”

Kowa ya tafa. Kefas ma ya tafa, irin tafin mai ciwon hannu. Ya huta? Wa ya ce musu ya gaji? Jumma'a ta zo, ya ga an wuce da shayi, ba wanda ya kira shi. Kishi ya shiga zuciyarsa ya shimfiɗa tabarma. In ya ji an ambaci sunan Briskila sai abinci ya fita ransa. In ta gaishe shi, ya amsa yana duban bango. Matar da a dā yake ce mata ƙanwata, yanzu ko tarinta haushi yake ba shi.

Sai ya ce a ransa, “Shekara da shekaru ina bauta wa mutumin nan, bai taɓa tashe ni tsaye a gaban jama'a ba. Yanzu don an ja akwati an haɗa da akwati, shi ke nan an manta da ni? To, aikina ba zai bi ta bututunta ba. Zan tara nawa, in kai masa da hannuna, ya san wanda ya iya bayani.” Ya sa yatsa ya kashe maɓallin yankinsa.

Ku lura, 'yan'uwa, Kefas ba malalaci ba ne. Ya ci gaba da zagaya ƙauyuka a kan babur, yana rubuta kome daidai a wayarsa. Rani ya yi tsanani, famfunan ƙetare suka yi ta lalacewa ɗaya bayan ɗaya, duk ya rubuta. Sai dai rubutun yana nan tsaye a aljihunsa. Rumbu kuwa yana nuna labarin ranar da aka kashe maɓallin, wato ƙetaren kogi lafiya ƙalau.

Briskila ta lura. Ta same shi a bakin ƙofa ta ce, “Yaya Kefas, na ga ɓangarenka shiru kwana biyu. Ko hanyar ce ta katse? Ba ni wayar in duba maka.”

Ya ce, “Ki ji da naki. Nawa ba ya bukatar likita.”

Ta ce, “Damina ta kusa fa, Yaya. Ka san kogin nan.”

Ya yi tsaki ya hau babur. Ya san kogin sarai. Da ruwan sama ya sauka, kogin yakan cika ya shafe mashigi, babbar mota ba ta sāke ƙetarawa sai kaka. Saboda haka kowace shekara, kafin damina, maigida yakan aika mota ɗaya cike da bututu da kawunan famfo zuwa ƙetare. Wannan ranar Kefas yake jira, ranar da za a neme shi dole.

Amma ba a neme shi ba. Maigida ya tafi birni wata hidima, ya tarar kayan famfo sun yi sauƙi, ya ce bari ya saya tun da wuri. Yana tsaye a shagon ya buɗe rumbu a wayarsa. Ya ga bukatun bakin titi a jere, ya saya duka. Ya duba ƙetaren kogi, ya ga ba kome, har ya yi murna ya ce, “Allah ya yi wa Kefas albarka, bana ya rufa mini asiri.”

Kafin ya dawo hadari ya haɗu. Aka kwana biyu ana ruwa, kogi ya cika ya batse.

Da maigida ya iso, Kefas ya shiga ofis da bayaninsa a shirye. Bai kai ga buɗe baki ba, wayar maigida ta yi ƙara. Wani mai unguwa ne daga ƙetare. Ya ce, “Ranka ya daɗe, laifin me muka yi? Famfonmu ya mutu tun rani, na maƙwabtanmu ma haka. Ruwan kogi muke sha. Yara suna ta amai da gudawa, jiya mun binne ɗaya.”

Maigida ya ajiye wayar a hankali, ya dubi Kefas. “Ka sani?”

“Na sani, ranka ya daɗe. Duk na rubuta.”

“To, me ya sa ban gani ba?”

Kefas ya sunkuyar da kai. Ya ciro wayarsa, ya kunna maɓallin. Yatsa ɗaya kawai. Nan take bukatun ƙetare suka kwararo cikin rumbu, fuskar kwamfutar maigida ta cika da jan rubutu tun daga sama har ƙasa.

Maigida ya ce, “Kefas, da na gani, da na sayi dukan waɗannan da farin ciki. Ina tsaye a inda kayan suke, mota tana jira. Ban taɓa hana ka kome ba. Ashe ka gwammace mutanenka su rasa ruwa, da a ce roƙonsu ya bi ta hanyar da 'yar'uwarka ta gina.” Kefas ya fita waje ya yi kuka mai zafi, amma kukansa bai rage kogin ba.

Ma'anar wannan misali ita ce, maigidan nan Ubangiji ne, rumbunsa kuwa ba ya rasa kome. Manhajar da take aljihun Kefas zuciyar mutum ce, cike da bukatu na gaskiya. Hanyar da Briskila ta haɗa ita ce baiwar da Allah ya ba ɗan'uwanka domin amfanin jama'a duka, har da kai. Ba a ce ka biya ba, ba a ce sai ka yi dogon karatu ba. An riga an haɗa, an kunna maka. Maɓallin kuwa kishi ne yake kashe shi, kuma da yatsanka yake kashewa.

Kada wani ya ce mini ai Ubangiji ya san kome, ba ya bukatar rumbu. Haka ne, ya sani. Amma ya ga dama ya riƙa biyo da albarkarsa ta hannun mutane, kuma sau da yawa ta hannun wanda ba ka so. A nan ne muke tuntuɓe.

Ba labarin nesa nake ba ku ba. Akwai wadda ta daina zuwa zumuntar mata tun ranar da aka zaɓi wata ta shugabanta. Akwai wanda ya janye 'ya'yansa daga ƙungiyar mawaƙa don an ba ɗan maƙwabcinsa ganga. Akwai wanda matarsa take kwance ba lafiya, amma ya hana a faɗa a yi addu'a, don dattijon da zai yi addu'ar ya riga shi gina gida. Kun yi shiru, ai kun san kanku. Ni ma ban ambaci sunan kowa ba.

Kafin ka fita ta ƙofar nan yau, je ka kama hannun wanda ganinsa yake ƙona maka rai, ka gode wa Allah saboda abin da ya ba shi. Kada ka ce sai mako mai zuwa, gama ba ka san ranar da ruwa zai sauka ba. Kada kuma ka ruɗi kanka cewa kai kaɗai kishinka yake ci. Kefas yana da famfo a tsakar gidansa a cikin gari, ko kurɓi ɗaya na ruwan kogin nan bai sha ba. Waɗanda aka ba shi amanarsu ne suka sha.